Kada Ki Bar Gwaggo Ta Yi Rakiya

Assalamu alaikum, Zulai ƙanwata.

Ina gaishe ki, ko da yake ɗaki ɗaya muke kwana. Allah ya kai ku asibiti lafiya ke da Gwaggo, ya sa a yi mata aikin idon nan a sa'a, ya dawo mana da ku gida kowa a kan ƙafarsa. Na sa takardar nan cikin zanen sallarki don na san ba mai taɓa shi sai ke. Ki karanta idan kin samu wuri ke kaɗai. Kin san bakina ba ya iya doguwar magana. Rubutun ma ban yi nisa a cikinsa ba, inda na yi kuskure ki wuce.

Zan fara da abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ni ce na sauke ƙarfen gefen gadon kakarmu Iya ranar da ta faɗi a asibiti. Ba nas ce ta manta ba, ba kuma ruwan masu goge ƙasa ne ya kwashe ta ba, kamar yadda Baba yake gaya wa mutane har yau. Ni ce, da hannuna na dama. Shekara ɗaya da wata biyar ke nan ina riƙe da maganar.

Shekaran jiya da Baba ya kira ni zaure ya ce in shirya zuwa jinyar Gwaggo, na sunkuyar da kai na yi shiru. Ya tambaye ni sau uku. Da ya gaji sai ya ce to, Zulai ta je, ni in riƙe girki. Ya zaci mutuwar Iya ce ba ta sake ni ba. Abin da bai sani ba shi ne ko ta ƙofar asibitin nan na wuce a napep, sai in kawar da kai. Ga shi shirun nawa ya sa an ɗora wa 'yar shekara goma sha uku abin da ya kayar da ni ina da goma sha biyar. Ni ba uwarki ba ce, amma tun da Mama ta rasu ni nake miki wanka da kitso, ni na raka ki makarantar allo ranar farko kina kuka. Don haka ki ji maganata kamar ta uwa, uwar da ta yi ɓarna kuma ta san inda ta yi ta.

Kin tuna hawan jini ne ya kwantar da Iya. Ranar da aka ba mu gado a ɗakin mata, wata nas doguwa ta tsaya ta yi min bayani. Rabin maganarta Hausa, rabi Turanci, tana yi tana rubutu. Ta manna wata takarda a bango saitin kan Iya, da jan rubutu. Ta tambaye ni ko na gane, na ce to. Ban gane ba, Zulai. Na iya haɗa baƙaƙen da ke jikin takardar, amma ban san abin da suke nufi ba. Kwana biyar ina kallonta ina jin kunyar in tambaya, kada a ce jikar malamai ba ta iya karatu ba. Sai bayan abin ya faru na ji cewa takardar tana sanar da kowa ne cewa mai gadon nan tana iya faɗuwa, kada ta tashi ita kaɗai, domin sabon maganin da aka ba ta yana sa jiri idan mutum ya miƙe.

Ke kada ki ce to sai kin gane. Ki ce, Sista, a sake min da Hausa. Idan ta ɓata fuska, ta ɓata, ba a gida ɗaya za ku zauna ba. Ki tambaye ta wane magani ne yake sa jiri ko barci, da wane lokaci ake ba da shi, da kuma wanda za ki kira idan Gwaggo za ta sauko. Duk takardar da aka manna a gadon, ki sa a karanta miki ita.

Na biyu, ni na haɗa wa Iya kaya, kuma na haɗa su ne don idon mutane. Na bar silifas ɗinta na gida mai kama ƙasa saboda ya tsufa, na ɗauko takalmin da take zuwa biki da shi, mai sulɓi a ƙasa, don kada masu dubiya su ga tsohon takalmi a gindin gado. Na ɗauko babban hijabinta mai jan ƙasa. Ƙasan ɗakin nan tayil ne, ba daɓen tsakar gidanmu ba ne da yake shanye ruwa. Idan Iya ta yi alwala a roba, ruwan da ya fantsama ba ya zuwa ko'ina, yana nan yana jira. Ni kuwa sai in shafa da tafin ƙafata in ce ya bushe. Na duba kayan Gwaggo jiya. Na cire takalmin da ta sa a jaka na musanya da mai igiya a baya, za ta yi faɗa, ki ce ni ce. Na sa miki tsumma biyu a leda. Duk alwalar da aka yi ki durƙusa ki goge har sai kin taɓa da hannu kin ji a bushe. Zanenta ki ɗaura mata shi sama da idon sawu.

Waɗannan ƙanana ne. Ga babban.

Ranar Juma'a ce, likita ya riga ya ce da safe gobe za a sallame mu. Na ma fara ninke kaya. Bayan la'asar aka buɗe wa masu dubiya ƙofa, sai ga Hajiya Ladi ta Tudun Jukun, ƙawar Iya tun suna 'yan mata, ta shigo da mata bakwai a bayanta, surukanta da maƙwabta. Kujera ɗaya ce a gefen kowane gado, ita ma ƙafarta ɗaya tana rawa. Hajiya ta kalli kujerar, ta kalli gadon, ta kalle ni.

Ta ce, "Ke 'yar nan, sauke min wannan ƙarfen. An sa min ƙawa a keji kamar kaza."

Matan suka yi dariya, Iya ma ta yi. Na san nas ta ce a bar shi a sama. Wannan kam na gane shi, don da hannu ta nuna min. Amma mace ce sa'ar kakata ta ba ni umarni a gaban mutane, kuma a gidanmu an koya mana cewa idan babba ya yi magana yaro ba ya cewa amma. Na ja maɓallin, ƙarfen ya sauka. Hajiya ta zauna a bakin gado, wasu biyu suka zauna ta ƙafa, sauran suka shimfiɗa ɗankwali a ƙasa. Aka jera kuloli da filas da ledojin lemo har ba inda za a sa ƙafa. Aka zuba kunu, ya ɗiga. Wata ta tambaye ni ajina nawa, na kasa amsawa, sai Hajiya ta ce wai ko kurma aka samo wa Iya mai jinya. Suka sake dariya. Na koma jikin bango na tsaya. Matar da ke jinyar 'yarta a gadon kusa da namu ta yi min raɗa cewa in mayar da ƙarfen nan. Na gyaɗa mata kai, ban motsa ba. Ta yaya zan ce wa Hajiya ta tashi?

Sun yi kusan awa ɗaya. Iya ta ji daɗi, ba zan ɓoye wannan ba. Ta yi hira kamar ba ta ciwo, sun tuna mutanen da suka mutu da waɗanda suka yi aure. Da suka miƙe za su tafi, Hajiya ta ce in kwaso kulolin da aka juye in kai musu bakin titi. Na ɗauki biyu a hannun dama, ɗaya da filas a hagu. Ina juyowa na ga Iya ta zuro ƙafa tana laluben takalmi.

Hajiya ta ce mata ta yi zamanta, amma irin faɗar da ake yi a bakin zaure, wadda mai faɗa da mai ji duk sun san ba a nufi komai da ita ba.

Iya ta ce, "Ki taso tun daga Tudun Jukun in sallame ki a kwance? Ko bakin ƙofa ne sai na taka miki."

Teburin nas-nas bai fi taku goma sha biyar daga inda nake ba. Ina ganin doguwar nas ɗin tana rubutu. Na buɗe baki zan kira ta, muryar ba ta fito ba. Ban taɓa ɗaga murya a gaban manya takwas ba. Iya ta miƙe tsaye lokaci ɗaya, ba ta ko zauna ta huta a bakin gadon ba. Matan sun riga sun juya baya suna gyara mayafi. Ta yi taku uku. A na huɗu na ga idonta ya juye, ta miƙo hannu ɓangarena.

Ga abin da ya fi na ƙarfen nauyi, Zulai. Ina kusa da ita. Da na saki kulolin da na tare ta. Ban sake su ba. A cikin wannan ɗan lokacin abin da ya zo min a rai shi ne kayan mutane ne, kada su fashe. Ta kama ƙarfen da ake rataya ƙarin ruwa, shi kuwa tayoyi ne da shi, ya tafi da ita. Ta faɗi ta gefen hagu. Ƙarar ba ta da yawa. Har yau idan aka yar da damin itace a tsakar gida sai na ajiye abin da ke hannuna.

Matan suka yi kanta suna salati, biyu suka kama hannuwanta suna ja za su tayar da ita, tana cewa su bari, su bari. Sai da nas ta iso ta daka musu tsawa suka sake ta. Daga baya likita ya ce ƙashin ƙugu ne ya karye, kuma jan da aka yi mata bai taimaka ba. Allah ya kiyaye, amma idan Gwaggo ta kai ƙasa, kada ki ɗaga ta, kada ki bar kowa ya ɗaga ta. Ki zauna kusa da kanta, ki yi ihu a zo.

Nas ta tambaya wa ya sauke ƙarfen. Mata takwas da ni ta tara, ba wadda ta amsa. Hajiya tana jan carbi tana kallon silin. Wata ta nuna danshin ƙasa ta ce ai ga ruwa nan masu shara sun bari. Kunun da suka zubar ne, na ga lokacin da ya ɗiga. Kafin Baba ya iso daga masallaci labarin ya riga ya zauna: asibiti ba sa kula, sun jiƙa ƙasa tsohuwa ta zame. Baba ya ce ƙaddara ce, ya yafe musu. Ya yafe wa waɗanda ba su yi masa komai ba, ni kuma ya dafa kaina ya ce sannu, na yi ƙoƙari.

Sauran kin gani da idonki. Matar da take takawa daga gidanmu har kasuwar birni ba sanda, wadda matan unguwa suke zuwa ɗaukar karatu a wurinta kowace safiya, ta dawo gida a bayan mota a kwance. Wata bakwai ba ta ƙara taka ƙasa ba, har Allah ya yi mata rasuwa. Makon farko ɗakin ba ya ɗaukar masu gaisuwa. Wata na biyu sai jefi-jefi. Daga wata na uku ni ce da ke da Gwaggo, da warin gyambon bayanta, da zannuwan da nake wankewa kullum a bakin rijiya. Hajiya Ladi ta zo sau biyu, na ƙirga. Ranar sadakar uku ina raba ruwa na ji ta tana gaya wa mata cewa a gabanta aka yi, asibitocin yanzu ba tsoron Allah. Na miƙa mata kofi na durƙusa, ta sa min albarka.

Iya ta sani. Wata rana ina juya ta sai hawaye ya zubo min a kafaɗarta. Ta ce, "Ke ƙawata, bar jiƙa ni, yanzu aka canja min zane. Ni na tashi da ƙafata, ba wanda ya tayar da ni." Ba ta ƙara ba. Na so a ce ta zage ni. Kunyar nan da kowa yake yaba min, ana cewa Hajara ba ta haɗa ido da babba, Hajara ba a jin muryarta, ita ce ta tsaya ta zuba ido. Tun ina ƙarama ake nuna ni ana ce miki ki yi koyi da yayarki. Kada ki yi. Bakin nan naki da ake miki faɗa a kansa, shi nake so ki tafi da shi.

Yanzu Gwaggo. Kin san ta fi Iya taurin kai. Za a rufe mata ido ɗaya da bandeji, ɗayan kuma dama hazo-hazo yake gani, ga ciwon suga da zai sa a riƙe ta kwanaki. Mai ido ɗaya a buɗe ba ya gane nisan ƙasa, sai ya zaci ya kai alhali da saura. Ba za ta yarda da fo ba, za ta ce ita ba jaririya ba ce. Ba za ta ce miki tana jin fitsari ba, za ta jira ki tayar da salla ko ki fita ɗebo ruwan zafi sannan ta sulale. Don haka ke ki riƙa tambayarta kafin ki yi komai. Idan za ta tashi, ta fara zama a bakin gado, ƙafafu a ƙasa, ki karanta Fatiha a ranki sau uku kafin ki bari ta miƙe. Ki tsaya ta ɓangaren idon da aka rufe. Ki shiga banɗakin da ita. Na san abin yana da nauyi, yayar ubanmu ce, ita ta riƙe gidan nan tun rasuwar Mama. Ki juya fuska bango, amma hannunki yana jikinta, kuma kada ta sa sakata. Za ta ce ba ki da kunya. Ki ce e.

Kada ta dafa ƙarfen ƙarin ruwa, kada ta dafa ƙaramar durowar gefen gado, duk tafiya suke yi. Ki roƙi Sista ta nuna miki yadda ake danne tayoyin gadon. Carbinta da ruwanta da goronta, idan an bar ta ta ci, su zauna inda hannunta zai kai ba tare da ta miƙa jiki ba. Maganar salla a zaune ba daga bakinki za ta karɓa ba, ki sa Baba ya gaya mata kafin ya bar asibitin, shi malami ne, ko tana yayarsa a nan tana jin maganarsa. Idan an aike ki karɓo magani, ki ɗaga ƙarfe biyun, ki gaya wa nas kin fita, ki gaya wa mai jinyar gadon kusa. Kada ki raina matan nan na kusa da ke, sun fi dangi amfani a wurin.

Idan baƙi suka zo, hannunki ya zama babu komai a ciki. Ko wa ya ce ki ɗauki kaya, ki ce Sista ta hana ki barin gadon. Ki ɗora wa Sista duk laifin, ta saba. Wanda ya ce ki sauke ƙarfe, ki ce an hana. Idan ya sauke da kansa, ki tafi ki kira nas a gabansa. Idan kuma suka miƙe za su tafi, wannan ne lokacin, Zulai. Kada ki kalle su, ƙafar Gwaggo za ki kalla. Ki tsaya a gabanta. Ki ce musu ke za ki yi rakiyar da baki daga nan, Allah ya ba da lada, a gaida gida. Za su tafi suna cewa 'yar Malam ƙarama ba ta da tarbiyya. Za su faɗa a Tudun Jukun, su faɗa a Tukur-Tukur, wataƙila ya dawo kunnen Baba. Maganar za ta yi mako biyu ta mutu. Na gwada ɗaya hanyar, na ga tsawonta.

Ban ce dubiya laifi ba ce. Na san ladan da ke cikinta, a gidan nan aka karantar da ni. Na san mara lafiya yana jin daɗin ganin nasa. Amma masu dubiyar Iya sun kwashi ladansu sun hau napep, ita aka bari a ƙasa.

Allah ya tsare ki, ƙanwata. Ya ba ki ido mai gani da murya mai fita. Ya ba Gwaggo lafiya da haƙurin zama wuri ɗaya. Ya jiƙan Iya da Mama, ya yafe min. Ki ci abinci ko ba kya jin yunwa, ki sha ruwa, mai jinya ma jiri yana ɗibarta. Zan aiko muku da tuwo da kunun gyaɗa marar sukari ta hannun Baba kullum.

Saura abu ɗaya, kada ki gaya wa kowa. Jiya bayan azahar Baba ya ba ni takarda da sunayen gidaje goma sha ɗaya, ya ce idan kun tafi in zaga in sanar da su an kwantar da Gwaggo, don tsofaffi ba sa son a gaya musu irin wannan a waya, raini suke ɗauka. Sunan Hajiya Ladi ne na farko. Na karɓa da hannu biyu. Ba zan je ba. Na san birnin nan, labari zai kai musu ta wata hanyar, amma ko kwana biyu aka samu kafin su ji, kwana biyun farko ne suka fi haɗari. Za su yi fushi da Baba, Baba zai yi fushi da ni, na yarda. Na ninke takardar na sa a ƙarƙashin katifa. Ranar da Gwaggo ta shigo zauren nan da ƙafarta zan ɗauko ta in sa hijabi, in bi gidajen ɗaya bayan ɗaya in ce su zo su gaishe ta a ɗakinta.

Yayarki,
Hajara